Lesin ɗin Turanci na yamma a Mabera, da ranar da Malam ya yi mana "summon up"

Mutane sun dame ni da tambaya a kan lesin ɗin Turancin nan da nake zuwa da yamma can wajejen Mabera a Sakkwato, wasu a wurin aiki wasu a majalisa, kowa sai ya ce wai ya wurin yake, ana koyon wani abu kuwa ko dai karɓar kuɗi ne kawai, to bari in zayyana komai sau ɗaya in huta. Ba zan faɗi sunan malamin ba don ban nemi izininsa ba, kuma shi mutum ne da bai son talla, ko allon sanarwa babu a ƙofar wurin, duk wanda ka gani a ajin wani ne ya jawo shi.

Ni nas ne, abin da ya kai ni IELTS ne, wato jarabawar Turanci ta masu neman aiki ko karatu a ƙasashen waje, don hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila maki 7 take nema a magana da saurare da karatu, rubutu kuma 6.5, kuma duk wanda ya taɓa leƙa jarabawar nan ya san 7 ba wasa ba ce. Amma ajin ba na 'yan IELTS kaɗai ba ne, akwai yara masu shirin WAEC da NECO, akwai 'yan JAMB, akwai ɗalibai daga jami'ar Danfodiyo da kwalejin Shehu Shagari da kwas ɗin Turanci na shekarar farko ya sha musu kai, har da wasu dattawa ma'aikatan gwamnati masu jiran jarabawar ƙarin girma. Duk a ɗaki ɗaya. Wanga haɗin gambiza zan dawo kansa, don yana cikin abin da ban so ba.

Malamin tsohon malamin sakandare ne da ya yi ritaya, ajin kuma na wata makarantar firamare ce mai zaman kanta da yake ara in yara sun tashi. Ana farawa bayan la'asar a tashi dab da magariba. Kuɗin wata bai kai abin da nake ƙonawa a data ba, wannan gaskiya ce, kuma bai matsa wa kowa a kan ranar biya, in albashi ya yi jinkiri sai ka faɗa mai ya ce Allah shi kawo. Tsabar kuɗi yake karɓa, in turansifa za ka yi sai dai ta asusun wani ɗan'uwansa da ke taya shi rejista.

Maimakon in tsaya ina cewa ya iya koyarwa ya iya koyarwa, gara in ba ku darasi guda yadda ya gudana ku yanke hukunci da kanku. Darasin phrasal verb ne, wato aikatau ɗin nan na Turanci da ke tafe da 'yar ƙaramar kalma a bayansa irin up ko back ko out, sai ma'anar ta canza gaba ɗaya. Malam na kiransu aikatau mai ɗan rakiya. Ranar waɗanda anka ware su ne na tuna baya, kuma wanda ya fi daɗewa a kai shi ne "summon up".

Da ya rubuta a allo bai ba da ma'ana ba, sai ya juyo ya ce wa a cikinku anka taɓa kai ma sammaci. Aji ya yi tsit, sai wani dattijo daga baya ya ɗaga hannu ana ta dariya, ya ce rikicin fili ne Allah shi gafarta Malam. Malam ya ce madalla, to wanga sammaci da anka kai maka daga ina kalmar ta hito? Ashe summons ce ta Turanci bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta ta koma sammaci, tun zamanin da Turawa sunka kawo tsarin kotunansu. Ya ce to summon shi ne ka kira mutum kiran da ba ya iya ƙi, kiran alƙali ko na shugaba, shi ya sa ake cewa "he was summoned to appear in court". In ka ƙara mata up kuma, to ba mutum kake kira ba, wani abu ne da ke can ƙasan zuciyarka kake aika wa sammaci ya taso ya bayyana gabanka, ko dai tunanin abin da ya wuce, ko fuskar wani, ko wata murya da ka daɗe ba ka ji ba. Wallahi daga nan ban ƙara buƙatar buɗe ƙamus a kan kalmar ba.

Ya ɗan taɓa asalinta ma, ya ce daga Latin ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci, irin ɗimbin kalmomin shari'a da mulki da sunka shiga bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kuma a cikin tushen nata akwai monere, wadda ke nufin tunatarwa ko gargaɗi. Shi ya sa har yau take da nauyi a baki, ba kalmar hira a teburin mai shayi ba ce. Wannan bayanin bai kai minti biyu ba ya wuce, don ya ga yaran WAEC sun fara hamma.

Inda ya fi burge ni shi ne da ya dawo da mu Hausa. Ya ce ku dubi tuna da tuno. Na tuna sunansa, wannan magana ce kawai. Amma in ka ce na tuno, akwai jawowa a ciki, abin daga nesa ya taho wurinka, kamar yadda ɗauka ke komawa ɗauko, kira ya koma kirawo. Ya ce to aikin da wanga o ke yi a ƙarshen aikatau namu, kusan shi ne up ke yi a nan, remember ita ce tuna, summon up ta fi kusa da tuno, har ma ta ɗara, don akwai ƙoƙari a ciki. Ban taɓa jin malamin Turanci ya yi amfani da nahawun Hausa ya buɗe na Turanci haka ba, mu dai a sakandare in ka yi Hausa a aji tara ake cin ka.

Daga nan ya raba amfaninta gida biyu a wajen tuna baya. Na farko mutum ne da kansa ke ƙoƙari, misalin da ya rubuta shi ne "She closed her eyes and tried to summon up her grandmother's voice", wato ta rufe ido tana ƙoƙarin tuno muryar kakarta. Na biyu kuma ba kai ka nema ba, wani abu ne ya taso maka da shi, ƙamshi ko sauti ko suna, ya rubuta "The smell of the first rain summons up my childhood in the village". Nan fa aji ya ɗauka, don duk ɗan Sakkwato ya san ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko bayan an sha zafin Afrilu da Mayu. Ya ƙara da "For many people here, the name Giginya summons up 1903", yana nufin faɗan da anka yi da sojan Turawa a filin Giginya a watan Maris na shekarar, wanda bayansa Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas har ya yi shahada a Burmi. Wani yaro ɗan JAMB ya ce shi in an ce Giginya filin ƙwallo yake tunowa, Malam ya ce to ai jimlarka ta yi, rubuta ta haka, kowa da abin da suna ke taso mai.

Sai kuma ɗaya ma'anar da ba ta shafi tuna baya ba, wadda ya ce a jarabawa ma ta fi fitowa, wato tattaro ƙarfin hali ko kuzari da kyar, "summon up the courage to speak", ko "he could not even summon up a smile", ko murmushi ya kasa ƙaƙarowa. Ya ce duka abu guda ne in kun lura, wani abu ne a cikinka da ya ƙi fitowa da sauƙi kake tilasta shi. Saboda haka in a fasejin WAEC anka ja layi ƙarƙashinta anka ce kawo wata kalma da za ta maye gurbinta yadda anka yi amfani da ita a wurin, sai ka duba abin da ke biye, in memories ne ko image to recall ko evoke, in courage ne ko strength to gather ko muster. Kuma ka kula da lokaci, in summoned up ce a fasejin, amsarka ma ta zo da ed ɗinta, in ba haka ba makin ya tafi ko da ma'anar daidai ce.

Akwai wani saurayi a ajin, ɗan gayu ne mai son manyan kalmomi, da anka ce kowa ya yi jimla sai ya miƙe ya ce "I cannot summon up where I kept my charger". Malam ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau sannan ya ce, ɗana, nahawunka bai karye sosai ba, amma ka sa babbar riga da rawani za ka ɗibar ruwa rijiya. Caja ai remember ta ishe ta. Wanga shi ne ainihin abin da lesin ɗin nan ke sayarwa a ganina, ba ma'anar kalma kaɗai ba, sanin inda ta dace da inda za ta sa a yi maka dariya. Ma'ana ko a waya ka samu cikin daƙiƙa biyar, amma wayar ba za ta kalle ka ta ce wannan wurin ya yi mata ƙanƙanta ba. Mu da yawa haka munka taso, a haddace jerin kalmomi ɗari da ma'anarsu a zuba su cikin insha'i ko sun zauna ko ba su zauna ba, mai makin kuma da gani ya san hadda ce.

Ya kuma gyara wata magana da anka daɗe ana faɗa mana, wai kada ka kuskura ka sa phrasal verb a wasiƙar ofis ko rubutun jarabawa don duk na hira ne. Ya ce rabin gaskiya ce. Da yawansu na hira ne, amma carry out da set out da point out kullum suna cikin rahoton gwamnati da rubutun jami'a, summon up kuma ta fi zama a rubutu da jawabi da adabi fiye da hirar yau da kullum. Abin dubawa shi ne nauyin kowace ɗaya, ba a yi musu kuɗin goro ba.

Ɓangaren tsarin jimla ya yi shi da sauri amma ya zauna. Ana iya raba summon da up, kuma in abin da ake magana a kai wakilin suna ne irin it ko them, dole ya shiga tsakiya, "summon it up", ba a cewa summon up it. In kuma abin dogo ne, kamar "memories of the years we spent in Wurno", to ka bar up manne da summon ka jero sauran a baya, kada ka jefa up can ƙarshen jimla mai karatu ya manta da ita. Ya ce summons ɗin sammaci kuma tilo ce duk da s ɗin ƙarshe, "a summons" ake cewa, jam'inta summonses. Wajen furuci ya sa munka maimaita har ya gamsu, ƙarfin a gaɓar farko yake, kuma a kiyaye kada ta koma sermon, wato huɗuba ko wa'azi, don ya ce ya sha jin masu karanta labarai na cewa an yi wa mutum wa'azi zuwa kotu.

Sauran 'yan'uwanta bai daɗe a kansu haka ba, amma kowace ya ba ta fuska. "Hark back to" ya ce daga farauta ta samo asali, can Ingila da ake farauta da karnuka, in kare ya ɓatar da ƙamshin dabba sai ya koma baya ta inda ya biyo ya sake kamo shi, hark kuma tsohuwar kalma ce mai nufin saurara. Yanzu ana amfani da ita ga mutumin da kullum sai ya koma zancen da, "he is always harking back to his days in the civil service", kuma sau da yawa akwai ɗan ƙorafi a ciki, an gaji da ji. Ana kuma amfani da ita ga abin da ke ɗauke da kamannin wani zamani, nan ya kawo sunayen ƙofofin gari, Ƙofar Rini, Ƙofar Kade, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, ya ce "these names hark back to the time when the town had a wall", lokacin da garin ke cikin ganuwa bayan Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809. Ita ba a raba ta, kuma dole to ta biyo. Amurkawa kan ce harken back, ya ce duk ɗaya ne amma mu tsaya kan ta Ingila tunda ita jarabawarmu ke bi.

"Dredge up" kuwa ita ce tono, asalinta yashe laka daga ƙasan kogi, don haka ba a amfani da ita ga abin daɗi, sai abin da anka binne anka so a manta, tsohon rikici ko abin kunya. Ya ce in ka rubuta wa abokinka cewa hoton bikinsa ya dredge up tunani mai daɗi, to ka zage shi ba ka sani ba. Wata baiwar Allah da ta yi karatu a jami'ar Danfodiyo lokacin ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin ta yi jimla da shi, ta ce ba ta son a tono mata wannan shekarar, Malam ya ce ta samu cikakken maki. "Conjure up" ta mai dabo ce, hoto ne ke bayyana a ido ƙarara, ko da ba ka taɓa ganin abin ba, shi ya bambanta ta da summon up wadda galibi abin da ka taɓa rayuwa a ciki ne. "Look back on" waiwaye ne, ka tsaya ka auna shekarun da sunka wuce. "Bring back" ita ce ta kowa da kowa, ita za ka yi amfani da ita a hira. "Call up" ma tana iya nufin tuno, amma ya ce a ƙasar nan da ka faɗe ta kowa takardar kiran bautar ƙasa zai tuna, don haka a yi hattara.

A ƙarshen darasin ya taɓo ciwon da ke damun kusan kowa, remember da remind. Mu muna cewa tuna min, sai mutum ya ɗauko shi kai tsaye ya ce "remember me to buy fuel". Ya ce a'a, remind me. Kai ke remember, wani ke remind ɗinka. Abu ne ƙarami amma na ji shi a bakin masu digiri biyu, har a taron ofis.

Ga masu IELTS irina, amfanin wanga darasi a sashe na biyu na jarabawar magana yake fitowa, inda ake miƙa maka kati a ba ka minti 1 ka shirya sannan ka yi magana har zuwa minti 2, kuma sau da yawa tambayar a kan abin da ya wuce ce, wani wuri da ka sani kana yaro, wani malami da ba ka manta ba, wata tafiya. Gaba ɗaya hirar minti 11 zuwa 14 ce, kuma cikin abubuwa huɗu da ake auna ka da su akwai yalwar kalmomi da iya sa su a muhallinsu. Malam ya ce sau ɗaya ya isa, ka sa summon up ko look back on wuri guda inda ta zauna daram, sauran ka yi maganarka ta yau da kullum, don mai jarabawar ya fi ka jin Turanci kuma yana gane wanda ya zo da hadda. Yakan sa mu tashi gaban aji ɗaya bayan ɗaya da agogon hannunsa a tebur, in ka tsaya kafin lokaci sai ya ce ci gaba ɗana, saura. Wannan atisayen ya cire min in-ina da yawa.

Makin aikin gida ma ba ya wasa da shi. Jan biro gare shi, kuma ba ya tsayawa ga ja layi kawai, sai ya rubuta a gefe dalilin da ya sa, wani lokaci bayanin nasa ya fi sakin layin naka tsawo. A haɗuwa ta gaba ka karɓi takardarka, ban taɓa ganin ya ce ya manta ta a gida ba. Ga 'yan WAEC kuma yana ƙirga musu kalmomin insha'i, tunda kusan 450 ake nema, in ka kawo mai rabin haka zai mayar maka ka cike.

To yanzu ɓangaren da bai yi min ba, kuma yana da yawa.

Zafi. Ɗakin rufin kwano ne ba silin, fanka guda ce kuma sai an kawo wuta, babu janareta babu sola, a watan Maris zuwa Mayu da zafin garin nan ke haura digiri 40 ƙarfe huɗu da rabi na yamma ba lokacin zama a irin wanga ɗaki ba ne, takardarka ma jiƙewa take da zufar hannu. Bencinan kuma na 'yan firamare ne, ni da nake da tsawo gwiwata a jikin tebur take kwana, dattawan nan kuwa tausayi suke ba ni. Da damina kuma duk wanda ya san Mabera ya san yadda ruwa ke kwanciya, akwai ranakun da ɗan kabu-kabu zai sauke ka a bakin titi ya ce nan ya tsaya, sauran ka nannaɗe wando.

Na biyu, kayan aiki babu. Ba sifika, ba rediyo, ba kwamfuta. Wanda ke shirin IELTS kashi ɗaya cikin huɗu na jarabawarsa saurare ne, kuma muryar Malam kaɗai ba za ta saba maka da bakin Baturen Ingila ko na Ostireliya ba, dole ka nemi wannan da kanka a waya. 'Yan JAMB ma haka, jarabawarsu a kwamfuta ake yi, tambaya 60 a Turanci kaɗai cikin 180, duka cikin awa 2, saurin danna amsa wani abu ne daban da ba a koyonsa da alli. Na ga iyayen da sunka kawo yaro nan kaɗai sunka zauna suna jiran sakamako, a'a, ku haɗa mai da cibiyar atisayen kwamfuta.

Handawut ɗinsa fotokwafi ne na fotokwafi, wasu shafukan sai ka kai su bakin taga kake iya karantawa, kuma misalan ciki tun na zamanin da ake aika telegiram ne. Abin da ke bakinsa ya fi abin da ke takardar sau goma, don haka in ba mai rubutu da sauri ba ne kai za ka yi asara. Mun roƙe shi ya bari a riƙa ɗaukar muryarsa a waya a tura a WhatsApp saboda masu dutin yamma irina da ke rasa wasu ranaku, ya ce shi bai yarda ba, wanda ke so ya zo ya zauna. Ina girmama shi amma a nan ban ga hikimar ba, aikin asibiti ba kai ke zaɓar lokacinka ba.

Sai haɗin gambizar da na ambata. Yaro ɗan aji shida na sakandare da ma'aikaci mai shekara hamsin da nas mai neman maki 7 ba buƙatarsu ɗaya ba. Akwai ranar da za a ƙare a kan is da are saboda yara, mu mu zauna muna kallon agogo, akwai ranar da zai nutsa cikin irin su hark back to yaran su ɓace gaba ɗaya. Da zai raba kwanakin, ko da biyu na yara biyu na manya ne, da kowa ya fi amfana. Kuma Malam akwai ratse, in wata kalma ta taɓo tarihi to sai Allah, daga ƙofofin gari sai mu tsinci kanmu a Hubbare, daga nan a Gwandu, sai kiran sallar magariba ya katse mu ba a gama abin da anka rubuta a allo ba. Ni ina jin daɗin labarin, ba zan ɓoye ba, amma wanda jarabawarsa saura sati uku ba zai ji daɗi ba. Wani abokina ya raɗa min ranar nan cewa Malam da kansa shi ne misalin harking back, na ce ka faɗa da ƙarfi mana in ka isa.

Wajen mata ba matsala, gefensu daban, yana ba su dama su yi magana daidai da maza, kuma bai yarda wani ya yi wa wadda ta yi kuskure dariya ba, ya taɓa fitar da wani yaro waje a kan haka. Matan aure na zuwa, wasu da goyo. Sai dai tashi dab da magariba na ba waɗanda ke nesa wahala, irin masu komawa Arkilla ko Runjin Sambo ko Gidan Igwai, kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa a wata zai iya fin kuɗin lesin ɗin kansa, wannan lissafi ne da ya kamata mutum ya yi tun kafin ya fara.

Wa zan ce ya je? Wanda ya riga ya iya haɗa jimla amma Turancinsa ke fitowa a sandare, mai rubuta wasiƙar ofis ko jawabin taro ko rahoto, da mai shirin sashen magana da rubutu na IELTS, waɗanga za su ci riba sosai. Ɗan WAEC mai sauran watanni da yawa a gaba shi ma ya je, musamman saboda insha'i da faseji. Wanda ke neman a ba shi tambayoyin da za su fito, ko a yi mai dabarar cin jarabawa cikin sati biyu, kada ya ɓata kuɗin mashin ɗinsa, Malam zai kore shi da bakinsa ma. Wanda kuma bai iya karatun Turanci ba sam, nan ya yi mai nisa, ya fara da ajin yaƙi da jahilci tukuna.

In za ka je ka tafi da ruwanka mai sanyi da littafin rubutu mai kauri, ka kuma je da wuri ka kama bencin kusa da taga ta gabas don ita ke samun iska. Da azumi yakan mayar da ajin safe, wanda bai yi wa masu zuwa aiki daidai ba, saboda haka in watan ya kusa ka tambayi tsarin lokacin kafin ka biya kuɗin wata.